Yadda za a zauna da kyanwa a gida idan jiki bai yarda da ita ba

Cikin watan Disamba, hunturu ya kankama, ɗiyata ta shigo gida da ƴar kyanwa a cikin kwalin madara. A bayan wani kango ta tsince ta nan unguwarmu ta Wadata, duk haƙarƙari a waje, ko kukan kirki ba ta iya yi. Ta ce, "Mama, don Allah ki bar ta ko kwana biyu ne, ta ɗan yi ƙarfi." Kwana biyun nan ne suka zama zama na dindindin. Ba a yi mako guda ba na fara atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, idanu jajur suna ƙaiƙayi kamar an watsa musu barkono. Abin da na koya tun daga lokacin, wani daga bakin likita, wani daga gwaji a cikin gidana, shi nake so in shimfiɗa a nan ga duk wanda ya samu kansa a irin wannan hali, yana son dabbar amma jikinsa na bore.

Mataki na farko, a tabbatar kyanwar ce. Wannan shi ne wurin da mu mutanen Yamai muka fi ruɗewa, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu kusan kowa na fama da mura, ƙura ta cika gari, hanci ya bushe. Ni ma mako uku na yi ina ɗora wa hunturu laifi. Sai biki ya kai ni Tawa na kwana biyar. Can ƙurar ba ta fi ta nan sauƙi ba, amma a rana ta biyu hancina ya buɗe, idanuna suka washe. Ranar da na dawo, ko mayafi ban gama cirewa ba, na zauna a kujerar falo inda kyanwar ke kwana, kafin a kawo mini ruwa atishawa ta dawo. A nan na gane.

Ba sai kun yi tafiya mai nisa ba. Ku lura da abu uku. Murar gaske tana zuwa da ciwon jiki, wani lokaci da zazzaɓi, majina ta yi kauri, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Alerji kuwa, wato boren da jiki ke yi wa abin da bai yarda da shi ba, ba ya kawo zazzaɓi, majinarsa tsinkakkiya ce kamar ruwa, ƙaiƙayin ido da hanci ya fi yawa, kuma ba ya tafiya muddin abin da ke tayar da shi na nan. Na uku, ku duba fata: in wurin da ta lasa ko ta ɗan karta ya tashi ya yi ja kamar borin jini cikin ƴan mintoci, alama ce babba. Likita na iya tabbatarwa da gwajin fata, inda ake ɗiga ɗan ruwan gwaji a hannu a ɗan tsaga, a jira kamar minti 15, ko kuma da gwajin jini. Sai dai a kula, ƴan kyanwar da aka tsinto a titi sukan zo da ƙuma da makero. Cizon ƙuma a ƙafafu da tabon makero mai zagaye ba alerji ba ne, maganinsu daban, kuma ita kanta dabbar sai an yi mata magani.

Mataki na biyu shi ne sanin ainihin abin da ake yaƙi da shi, don in ba a san shi ba a banza za a yi ta wahala. Tun muna yara muke jin cewa gashin kyanwa ne ke sa fuka in an haɗiye shi. Gashin ɗan aike ne kawai. Abin da jiki ke ƙi wani sinadari ne mai suna Fel d 1, wanda ke fitowa daga yawunta da kuma maiƙon fatarta. Kyanwa kuwa yini take tana lasar jikinta. Yawun ya bushe a kan gashi, ya farfashe ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ya tashi cikin iska ya daɗe bai sauka ba, in ya sauka kuma ya manne a katifa, labule, darduma, bango da tufafi. Har a makarantu da gidajen da ba su taɓa ajiye kyanwa ba ana samunsa, don a jikin riguna yake tafiya. Saboda haka aske mata gashi ba ya magance komai, kuma duk wanda ya ce zai sayar muku da irin da ba ya tayar da alerji, ku riƙe kuɗinku. Ko irin nan na Turai marar gashi yana fitar da sinadarin. Abin da yake gaskiya shi ne wata kyanwar ta fi wata fitarwa, kuma muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi kowa.

Mataki na uku, kuma a ganina shi ne ginshiƙin duka: ɗakin kwana ya haramta gare ta. Ba da rana ba, ba da dare ba, ba don ta yi kuka a bakin ƙofa ba. Mutum na kwashe awa bakwai ko takwas a ɗakin nan fuskarsa a kan matashi, in iskar ɗakin ta tsarkaka jiki na samun hutun da zai iya jure sauran yinin. A nan ne na sha fama da ɗiyata, don ta saba lallaɓawa da ita cikin gidan sauro. Sai da na zaunar da ita na nuna mata idanuna da safe, a kumbure, na ce ta zaɓa, ko kyanwa ta kwana a waje ko ta bar gidan. Ta share hawaye ta ɗauko tsohon zanena ta shimfiɗa mata a kwali ƙarƙashin rumfa.

Mu a nan Allah ya ba mu abin da masu zama a benaye a ƙasashen sanyi ba su da shi, wato tsakar gida. Kyanwar da ke yini a fili, iska na kaɗawa, ba ta tara sinadarin a wuri guda kamar wadda aka kulle a ɗaki mai tagogi a rufe. Ku yi mata wurinta a inuwa, da kwanon ruwa da ba ya yankewa, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Lokacin sanyi a ƙara mata tsumma a cikin kwali. Lokacin zafi in kuna fitowa kwana a waje, ku naɗe tabarma da katifa da sassafe ku shigar, don da kun bar su za ta haye.

In ta riga ta saba shiga ɗakin kafin ku hana, to sai an yi wankin gaske. A cire zanen gado, rigar matashi, labule da gidan sauro a wanke. A goge bango da kan kabad da jiƙaƙƙen tsumma. Katifar a sa mata riga mai kauri da za ta rufe ta ruf. Kada ku yi tsammanin sauƙi washegari, sinadarin nan na iya ɗaukar watanni kafin ya ragu sosai a ɗaki, ko da kyanwar ta bar gidan ɗungurungum.

Mataki na huɗu ya shafi shara, kuma a nan sai mun sauya al'ada. Tsintsiya a kan busasshen daɓe tayar da ƙurar kawai take yi, ta mayar da ita hanci. A yayyafa ruwa kafin a share, ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma, shi ya fi. Mai alerjin kada ya zama shi ne mai sharar. In ba makawa ya sa takunkumi, ya buɗe tagogi, ya kashe fanka har sai ya gama. Babbar dardumar falo, wadda nake ji da ita tun kayan aurena, na naɗe ta na kai ɗakin ajiya, na bar tayil da tabarmar roba da ake wankewa da bokiti guda. Raina bai so ba, amma bambancin da na gani cikin mako biyu ya sa ban sake waiwayarta ba. Kujerun yadi a lulluɓe su da zanen da za a riƙa wankewa duk mako. Mai hali yana iya sayen na'urar tace iska mai matatar HEPA, wato mai kama ƙura mai laushi, ya ajiye a ɗakin kwana, tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin rufe ƙofa.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mata ba. Hancin da alerji ya riga ya kumbura ba ya jure hayaƙi. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin gawayin shayi, duk suna ƙara rura wutar. Ban daina turare ba, amma yanzu sai in turara ɗaki in fita, in bar shi ya sha iska kafin in koma.

Na biyar, yadda ake mu'amala da ita kanta. Ku shafa ta, ba laifi, amma hannu kada ya je ido ko hanci sai an wanke da sabulu. Kada a ɗora ta a kafaɗa ko a kusantar da ita fuska. In an yi wasa da ita sosai a sauya riga. Wani wanda ba ya da alerji ya riƙa taje mata gashi a waje, ya goge ta da ɗan tsumma mai ɗumi sau biyu ko uku a mako. Wanka na rage sinadarin, amma cikin ƴan kwanaki yake dawowa, kuma yawancin kyanwoyi ba sa son ruwa, don haka ban ga amfanin a riƙa kokawa da ita kullum ba. In za a yi, kada a sa mata omo, kuma kada a kuskura a fesa mata maganin ƙwari na gida ko na karnuka, yawancinsu guba ne a gare ta. Haka ma parasetamol, ƙwaya guda na iya kashe kyanwa. A kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare tun tana wata 3, a ba ta maganin tsutsa da na ƙuma. In namiji ne a fiɗiye shi wajen wata 6, hakan na rage sinadarin, yana kuma rage yawo da fitsarin da yake fesawa a bango. Kaskon yashin da take bayan gida a ajiye shi waje, kuma mai juna biyu kada ta kwashe shi.

Sai maganar magani. Ƙwayoyin da likitoci suka fi rubutawa su ne cetirizine ko loratadine, miligiram 10 sau ɗaya a yini ga babba. Yaro kuwa likita ne zai auna masa. Tsofaffin irin su chlorpheniramine suna sa barci, mai tuƙa mota ko babur ya kiyaye. In toshewar hanci ce ta fi damu, akwai maganin fesawa a hanci irin su fluticasone ko mometasone. Shi ba ya aiki nan take, sai an jure kullum, yakan kai mako ɗaya ko biyu kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma da yawa a kwana na uku suke yar da shi su ce bai yi ba. Akwai wani irin kuma mai buɗe hanci cikin minti biyar, irin su oxymetazoline. Wannan kada a wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi, in an zarce hanci na komawa ya toshe fiye da da. Abin da ya fi araha kuma na fi jin daɗinsa shi ne wanke hanci da ruwan gishiri safe da dare. Ana sayar da shi a farmasi, ana kuma haɗawa a gida: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, ba tozo.

Ina roƙonku da babbar murya, ku guji masu tallar magani a faranti. Sau da yawa abin da suke miƙa wa mai atishawa da ƙaiƙayi dexamethasone ne ko danginsa. Yana kwantar da abin kamar yankan wuƙa, shi ya sa ake komawa, amma shan sa wata da watanni na kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi. Kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina rana ɗaya ba sai da likita.

Akwai iyakar da in an kai ta, duk dabarun nan ba su isa ba. In abin ya sauka ƙirji, numfashi na fita da ƙara kamar usur, tari na tayar da mutum cikin dare, ko dama akwai mai asma a gidan kuma ya fara yawan neman abin shaƙarsa, to maganar ta wuce ta hanci. A ga likita ba tare da jinkiri ba. In mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, a nufi sashen gaggawa na Babban Asibitin Ƙasa ko asibiti mafi kusa a daren, kada a jira gari ya waye. Ni tawa ta tsaya a hanci da ido, shi ya sa na iya riƙe ta. Da ƙirjin yaro ne, wallahi da ban yi dogon tunani ba.

In ta kama a rabu, a rabu da ita da mutunci. Kada a sa ta a buhu a kai bakin kogi ko bayan kasuwar Katako a yar. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, kuma dabbar da ta saba da kwano ba ta iya rayuwar titi ba. A tambayi dangi da maƙwabta. Masu shagon hatsi da masu ɗakin ajiya kullum suna neman mai kama musu ɓera. A miƙa ta da kwanonta da tsummanta da takardar rigakafinta, a gaya wa sabon mai ita abin da take ci. In gidan na kusa, yara sa riƙa leƙa ta, su wanke hannu su sauya riga in sun dawo.