Yadda za ka gane ma'anar kalmar date

Ranar nan a kasuwar Sabon Gari wani ɗalibina ya nuna mini kwalin dabino da aka rubuta dates a jikinsa, ya ce, "Malam, ashe ba kwanan wata ake nufi ba?" Na ce masa duka biyun ne, ka duba inda kalmar ta zauna.

In a fom ne, ko a saman wasiƙa, kwanan wata ake nema. Date of birth ranar haihuwarka ce. A nan ake yawan tuntuɓe: mu a Najeriya muna bin tsarin Ingila, rana sannan wata sannan shekara, amma Amurka wata take fara sawa. Saboda haka 3/4/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu kuwa 4 ga Maris. Ni kaina na taɓa cike wani fom a intanet a wani shago a Samaru, sai da aka dawo mini da shi. Tun ranar nake rubuta sunan watan da haruffa.

A jikin kwalin magani ko gwangwanin madara, nemi expiry date, wato ranar da zai lalace. Out of date kuma abin da ya tsufa ne.

In maganar abinci ake, musamman lokacin azumi, dabino ne.

Saura ɗaya. In saurayi ya ce yana da date, fita zance zai yi da budurwa. Kada ka faɗe ta a gaban Baba.