Yadda mai aikin kansa zai yi idan aiki ya tsaya: gaskiyar maganar kuɗin rashin aiki a Kamaru

Salamu alaikum 'yan uwa masu kilando (wato acaɓa), masu kol boks, teloli, magina, masu gyaran waya, da ku iyayenmu mata masu tuyar ƙosai a bakin hanya. Kwanan nan tambaya ɗaya ce take ta yawo a WhatsApp daga Garwa har Marwa, wai shin mai aikin kansa yana da haƙƙin karɓar kuɗin rashin aiki idan sana'a ta tsaya? Amsar ba daɗi amma gara a faɗe ta tun daga farko, a Kamaru babu wannan kuɗin, ba ga mai kilando ba, ba ma ga ɗan albashi da ke aiki a buro ba. CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, abu uku take riƙe da su: kuɗin iyali, fansho na tsufa da naƙasa da mutuwa, sai haɗarin wurin aiki. Rashin aiki ba ya ciki.

Abin da yake ruɗa mutane shi ne labarin waje. A Amurka lokacin korona, a watan Maris 2020, gwamnati ta buɗe wani tallafi na musamman da ya haɗa har da direbobin Uber da masu aikin kansu, kuma an rufe shi tun Satumba 2021. A Faransa tun Nuwamba 2019 akwai wani ɗan kuɗi ga mai sana'ar kansa da ta durƙushe, kusan yuro 800 a wata har wata 6, shi ma sai ka cika sharuɗɗa, ciki har da shekara 2 kana wannan sana'ar. Wannan nasu ne can. To duk wanda ya turo maka link yana cewa ka cika suna ka tura sefa 2000 ta Orange Money ko MoMo don a saka ka a lissafin marasa aiki, wallahi ɓarawo ne, kar ka tura, kar kuma ka ba shi lambar sirrinka ko da ya rantse maka da Alƙur'ani.

To me ya rage? Akwai abin yi, kuma ga yadda za ka bi shi.

Abu na farko, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin asara, ka zauna ka tantance shin da gaske kai mai aikin kanka ne ko kuwa ɗan aiki ne da ba a rubuta ba. Dokar aiki ta 1992 ba sunan da maigida ya ba ka take dubawa ba, abin da take dubawa shi ne kana aiki ƙarƙashin umarnin wani yana biyanka. Ɗauki yaron da yake buɗe shagon Alhaji ƙarfe bakwai, ya share gaba, ya jera buhunan shinkafa, ba ya tashi sai an ce ya tashi, ƙarshen wata a miƙa masa kuɗi a hannu ba takarda ba komai, wannan ɗan aiki ne ko da ba a taɓa sa hannu a kontira ba, domin yarjejeniyar baki ma doka ta yarda da ita, kuma ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya. Irin wannan idan aka sallame shi ba tare da babban laifi ba bayan shekara 2 ko fiye, yana da kuɗin sallama, kashi 20 cikin 100 na albashin wata a kan kowace shekara a shekaru 5 na farko, kashi 25 daga shekara ta 6 zuwa ta 10, haka yake ta hawa har kashi 40 ga wanda ya wuce shekara 20. Banda wa'adin sanarwa kafin sallama. Kuma tun farko wajibi ne maigida ya rubuta shi a CNPS.

Mai kilando da yake hawa mashin ɗin wani yana kai masa balas, wato kuɗin da suka yanka, kullum da yamma, shi lamarinsa yana tsakiya, ya danganta da yadda suka tsara. Idan kai kake zaɓar lokacin fitarka da unguwar da za ka bi, kai kake zuba mai, abin da ya rage naka ne, to ka fi kusa da mai aikin kansa. Idan kuwa shi ke yanka maka lokaci yana ba ka tsayayyen kuɗi a wata, ka je ka yi tambaya.

Ina za a yi tambayar? Wajen sufeton aiki, ofishinsu yana nan a Garwa da Marwa da Ngaundere. Shi zai kira ku ya gwada sulhu, idan aka kasa ya rubuta takardar rashin sulhu sai a wuce kotu, kuma shari'ar rikicin aiki kyauta ce a doka. Amma kar ka je hannu rabbana. Saƙonnin da MoMo yake turo maka duk lokacin da aka biya ka kar ka goge su, ka ɗauki hotonsu ka ajiye, littafin da ake rubuta balas, saƙon murya da maigida yake cewa gobe ka zo da wuri, maƙwabtan shago biyu da za su iya shaida. Kar kuma ka yi ta jan ƙafa don kunya, bin bashin albashi shekara 3 ne wa'adinsa. Na san kunyar nan, sau da yawa maigidan kawu ne ko aminin baba, shi ya sa ni a ganina a fara da manya a zaure, in an daidaita alhamdulillahi, in ba a daidaita ba neman haƙƙinka ba rashin kunya ba ne.

Abu na biyu, idan ka tabbata kai mai aikin kanka ne tsantsa, to ƙofar da take a buɗe gare ka ita ce inshorar ganin dama ta CNPS wadda aka fara a 2014. Ka gane fa, ba za ta ba ka ko dala ba don kasuwa ta mutu ko an kama maka mashin. Abin da take ɗaukar nauyinsa tsufa ne, da naƙasa, da abin da za a ba iyalinka in ka rasu. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, daga mafi ƙarancin albashi har zuwa 750.000, sai ka riƙa zuba kashi 8,4 cikin 100. Wanda ya ce 100.000 zai zuba 8.400 kenan a wata. Don samun fansho sai ka kai shekara 60, ka yi shekara 20 da rajista, ka zuba na wata 180, kuma wata 60 daga ciki su faɗo a shekaru 10 na ƙarshe. A nan fanshon yana farawa daga kashi 30 cikin 100 na matsakaicin abin da ka bayyana, wato mai 100.000 zai riƙa karɓar wajen 30.000 duk wata. Wanda bai cika ba amma ya zuba aƙalla na wata 12, dunƙule ɗaya ake ba shi. Saboda sharaɗin shekara 20 ɗin nan, ɗan uwa in ka doshi 40 kar ka ƙara jira.

Ka tafi ofishin CNPS da katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, ka cika takardar neman rajista da ta bayyana samu, su ba ka lamba, bayan nan kana iya biya ta waya. Shawarata kar ka cika baki wajen faɗin samu, ka faɗi abin da za ka iya biya har a watan da ruwa ya hana fita, duk resi kuma ka adana shi. Takardar haihuwa ita ce take tsayar da da yawa daga cikinmu a nan arewa, wanda ba shi da ita sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da zai maye gurbinta sannan meri, wato ofishin magajin gari, ta rubuta masa, yana ɗaukar lokaci don haka a fara shi tun ana da lafiya da ɗan abin hannu.

Na uku, ka je FNE ka rubuta sunanka, asusun samar da aiki ne da gwamnati ta kafa a 1990. Ba sa biyan mutum don yana zaune, aikinsu haɗa mai nema da mai ɗauka, koyar da sana'a, da tallafa wa ƙananan sana'o'i. Ba lalle a kira ka ba amma babu abin da za ka rasa. Masu tsallaka gada daga Kuseri zuwa Njamena neman aiki, ku tuna Cadi tana da tata CNPS da nata ofishin aiki ONAPE, dokar can daban ce.

Na ƙarshe shi ne wanda zai ciyar da gidanka a ranar da aiki ya tsaya, kuma kai za ka gina shi. Adashen da muka saba yana da kyau amma zagaye yake, ranar kwasarka ba lalle ta zo daidai da ranar da injin ya buga ba. Don haka a ƙungiyarku, ko ta tashar kilando ko ta teloli, ku buɗe asusu na biyu daban da na kwasa, kowa ya zuba 200 ko 300 a rana, ba a taɓa shi don biki ko suna ko kayan sallah. Ku rubuta a littafi tun ranar farko wa ya cancanta, misali wanda ya yi wata 6 yana zubi, sannan ya karye ko aka sace masa mashin ko gobara ta ci shagonsa, nawa za a ba shi a sati, har sati nawa. Mutum 30 suna zuba 200 kullum 6.000 kenan a rana, 180.000 a wata, ya isa ya riƙe mutum biyu ko uku har su miƙe. Kuɗin kar ya kwana a aljihun mutum ɗaya, a sa shi a asusun da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire, kuma duk ƙarshen wata ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa.