Yadda za ka hana laftof ɗinka ɗaukar zafi lokacin buga gem

A watan Afrilu, idan zafin Kano ya haura digiri 40, laftof ɗin da ya buga eFootball ko GTA V lafiya lau da sanyi sai ya fara gurnani, hoto yana sarƙewa. Ba lalacewa ya yi ba. Da zarar zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kusa digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Iska yake nema.

Fara da inda kake ajiye shi. Yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska, su fitar ta baya ko ta gefe, don haka katifa da filo da darduma toshe su suke yi. Ɗora shi kan tebur, ka tokare gefen baya da littafi ya ɗago kamar yatsa biyu, amma kada littafin ya rufe ramukan.

Daga nan sai ƙura, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Ƙurar hunturun da ya shaƙa daga Disamba zuwa Fabrairu tana nan ciki, ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke ratsawa, sai bazara take nuna kanta. Kashe shi, cire caja, kwance murfin ƙasa, ka share da burushi mai laushi. Idan za ka hura da bulowa, danne fankar da tsinken sakace, domin juyawa da ƙarfi na iya lalata ta. Kada ka hura da baki, akwai danshi. In ba ka saba kwance kwamfuta ba, kai wa mai gyara a Farm Centre ko Beirut Road, ka ce ya haɗa da sauya man nan mai ruwan toka da ake shafa wa firosesa, wanda kan bushe bayan shekara 2 ko 3. Tsaya a wurin ka ga an goge tsohon tas kafin a sa sabo.

Sannan ka rage masa wahala. A saitin gem ɗin, tsayar da gudun hoto (FPS, yawan hotuna a daƙiƙa ɗaya) a 60, rage inuwa, rufe Chrome. Sauke manhajar HWMonitor, kyauta ce, ka duba zafin kana cikin wasa. Idan yana ƙasa da 85, babu damuwa.

Faifan sanyaya mai fanka da ake jonawa ta USB yana taimakawa, amma bayan an fitar da ƙura, ba kafin nan ba. Don Allah kada ka jingina masa ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi, raɓar da ke taruwa na iya shiga ciki ta kashe shi baki ɗaya. In ɗakinka rufin kwano ne kuma an ɗauke wuta, haƙura da wasan rana, ka bari sai bayan Isha'i.