Darasi na 9: Yadda Za a Kare Ƙananan Kayan Wuta

Wutar da ke shigowa gidajenmu a Sakkwato, ko a Mabera ko a Runjin Sambo, ƙa'idarta bolt 230 ce. Ku ɗauko cajar waya ku duba bayanta. Galibi za ku ga an rubuta 100-240V. Harafin V na nufin bolt, ma'aunin ƙarfin wuta. Wato cajar na iya ɗaukar wuta har zuwa 240. In ta zarce haka da nisa, sai ku ji ƙauri.

Caja, rediyo, dikoda da talabijin ba su shan wuta sosai, amma 'yan kayan da ke cikinsu ba su da juriya. Bugun wuta, wato hauhawarta farat ɗaya, da dutsen guga zai shanye ya ci gaba da aiki, shi ne zai kashe dikoda nan take.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka maido wuta bayan an ɗauke. Yara na ihun murna, ita kuwa wutar ba ta gama daidaita ba. Saboda haka da zarar an ɗauke, a kashe soket, a zare filogi. In an kawo, a bar ƙwan fitila ɗaya ya zama ɗan leƙen asiri: a jira mintoci kaɗan, in haskensa ya tsaya cak, sannan a jona kaya. Haka ma janareta, a bari ya kama sosai kafin a ɗora masa kaya, a kuma cire su kafin a kashe shi.

Da damina kuma akwai tsawa. Ba ta wayar wuta kaɗai take shigowa ba, tana bin wayar dish da ta eriya. In hadari ya taso daga gabas, a zare su duka tun kafin a fara walƙiya.

Akwai alamar da ba a wasa da ita. In fitilar wani ɗaki ta yi haske fiye da kima, ta wani ɗakin kuma ta dushe, mai yiwuwa wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta katse. Wuta na iya kai kusan bolt 400. A kashe babban makunnin gida, a kira mai gyaran wuta. Kada kowa ya ce zai hau fal.

A kasuwa ne mutane ke yin asara. Ba kowane ekstenshin ke kare kaya ba, yawancinsu ramuka ne kawai da waya. Mai kariya yana da wani ɗan abu a ciki da ke karkatar da bugun wuta, kuma za ku ga lamba da harafin J a kwalinsa. Mai babbar lamba ya fi ɗaukar duka. Yana kuma tsufa: kowane bugu na rage masa rai, in 'yar fitilarsa ta kariya ta mutu, a sake sabo. Ba ya cika aikinsa sai gidan na da wayar ƙasa mai kyau, wato wadda ke kai rarar wuta cikin ƙasa, ga shi ƙasarmu mai rairayi ce, tana bushewa ƙayau da bazara. A sa mai gyara ya gwada wayar ƙasar.

Sitabilaiza aikinta daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta ɗan hau, ba ta da saurin tare tsawa. Gad na talabijin ko na firji shi ke yanke wuta in ta yi yawa, ya jira kafin ya sake ta. A ganina, mai kuɗin abu ɗaya ya fara da gad. Fiyus in ya ƙone a sayo irinsa, a daina ɗaura masa zaren waya.

Aikin gida: ku kwafo lambobin da ke bayan kayan wuta uku na gidanku, ku ja layi ƙarƙashin duk inda kuka ga V.