Yadda ake haɗa dogon ambulan a gida da allon jan layi

Dogon ambulan ɗin nan da ake saka takardar neman aiki ko katin gayyatar biki, wallahi haɗa shi ba wuya in kana da allon jan layi, wato farantin robar nan mai siraran ramuka a jere da 'yar sandarsa ta dannawa. Yawancinsu inci 12 ne tsawo da faɗi, tsakanin rami da rami kuma kashi ɗaya cikin 8 na inci, shi ya sa awon da zan bayar duk da inci ne.

Kada ka ce da takardar A4 za ka yi, ba za ta isa ba, in ka naɗe ta baki biyun ba sa haɗuwa a baya, sai dai in ƙaramin ambulan na saka kuɗin gudummawa kake so. Nemi A3 ko takarda mai inci 12, mai ɗan kauri kamar giram 100 zuwa 120 (gsm, wato awon nauyin takarda). Kwali mai tauri kam tsagewa yake a wajen lanƙwasa.

Yanke ta ta zama inci 9¼ a faɗi, 11 a tsawo. Ɗora a allon, ka tura ta har ta manne da kusurwar sama ta hagu, ɓangaren 9¼ ɗin na sama, ka ja layi a 2½ da kuma 6¾. Juya ta ɓangaren 11 ya koma sama, ja a ¾ da 9½. Shi ke nan layi huɗu.

Wajen jan nan ne mutane ke ɓata aiki. Kwantar da sandar kaɗan, kar ka soka bakinta tsaye, ka riƙe takardar da ɗaya hannun gam don ko ɗan motsi ta yi layin ya karkace kuma ambulan mai karkataccen baki ko daga nesa ana ganewa, gara ka bi sau biyu a hankali da ka danna da ƙarfi lokaci guda sandar ta tsallaka ramin kusa ko ta huda takardar. In sandar ta ɓace, biron da tawadarsa ta ƙare ma yana yi.

Yanzu za ka ga 'yan akwatunan da layukan suka fitar a kusurwa huɗu, cire su da almakashi. Leɓen sama da na ƙasa ka ɗan zaftare gefensu a karkace, ya fi kyau kuma ba ya cushewa.

Lanƙwasa gefe biyun su hau juna, za su haɗu da kamar inci ¾, nan ne wajen gam. Kaɗan dai! Gam mai ruwa in ya yi yawa takardar kumbura take, ko ya zubo ciki ya liƙe gaba da baya. Ni selotef mai fuska biyu na fi so. In gam ɗin ne a hannunka to cusa wata 'yar takarda ciki kafin ka danne, ka zare ta daga baya. Sai ka ɗago ƙaramin leɓen ƙasa ka liƙe, babban na sama shi ne murfi.

Abin da zai fito inci 4¼ ne da 8¾, A4 da aka ninke gida uku na shiga ba matsi. In da yawa za ka yi, na biki misali, fara gwada ɗaya da tsohuwar jarida, sannan ka yanke duka, ka ja layin duka, gam ya zo a ƙarshe.