Idan aikin akawun lauya ya ishe ka, ga inda za ka nufa

Shekara 14 na yi ina akawun lauya a wata cemba, wato ofishin lauyoyi, a Sabon Garin Zariya. Ni ke buga takardun ƙara, ni ke sammako zuwa wajen rajistara, kuma ni mai ƙara ke kira da ƙarfe goman dare idan an ɗage shari'arsa, don yana jin nauyin kiran barista. Wata Talata na tsaya a Kwangila da fayil a jaka, na kasa tuna kotun da zan je. A ranar na yarda cewa wannan gajiyar ba wadda barci ke magani ba ce.

Ɗan'uwa, idan kai ma ka kai nan, kafin ka ajiye aiki ka ɗauki mako biyu kana rubuta abin da ya fi ɓata maka rai kowace rana. Wani aikin ne ya gundure shi, wani kuwa maigidan ne kawai da albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Idan naka na biyun ne, sauya cemba ya wadatar. Ni da na duba takardata, sai na ga zaman jira a kotu da rigimar mutane ne ke cin raina. Takardu kuwa har gobe ina son su. Wannan ya nuna mini hanya.

Abin da na kama shi ne taimaka wa 'yan kasuwa da rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta zo, mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani, kuma ta intanet ake komai. Amma mai shagon kayan masarufi ko mai sayar da taki ba shi da lokacin zama gaban kwamfuta, ga banki na neman takarda kafin ya buɗe masa asusun kasuwanci. Kai ka san yadda ake neman sunan kamfani, yadda ake cike fom ba kuskure, da lokacin shigar da bayanan shekara-shekara, wanda yawanci sai tara ta hau kansu suke tunawa da shi. Sai dai zama wakilin da CAC ta amince da shi na lauyoyi ne da ƙwararrun akantoci da sakatarorin kamfani masu shaida. Don haka ka nemi ɗaya daga cikinsu ku yi yarjejeniya a fili: kai ka kawo mutane ka shirya bayanai, shi ya duba ya shigar.

Harkar filaye ta fi kawo kuɗi, ta kuma fi haɗari. Mutane da yawa a Zariya na riƙe da gidan gado ba su da takardar mallaka, kuma bin fayil a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, aiki ne na mai haƙuri wanda ya san abin da ake nema. Wannan za ka iya. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne rubuta takardar cinikin fili ko gida a biya ka. Sashe na 22 na dokar aikin lauya ya haramta wa wanda ba lauya ba yin haka, har da takardun neman izinin kula da dukiyar mamaci da na shigar da ƙara. Na san ka iya, watakila ma kai ka koya wa sababbin lauyoyin cembarku yadda ake tsara su. Duk da haka ka tura wa lauya. Ina nanata wannan ne don na ga waɗanda suka fita da mutuncinsu, kwaɗayin takarda ɗaya ya mayar da su kotu a matsayin waɗanda ake tuhuma.

Idan kuwa Allah ya ba ka sanyin baki, ka duba sulhu. Dokar sasanci ta 2023 ta ƙarfafa yarjejeniyar da aka cimma ta hannun mai shiga tsakani, kuma cibiyar masu sulhu ta ICMC na horar da mutane ba sai lauyoyi ba. Wanda ya shekara goma yana kallon 'yan uwa na rabuwa a kan katanga ɗaya ya san inda ake taɓawa zuciya ta sauko.

Akwai kuma aikin ofis a makarantu, asibitoci da ƙungiyoyi. A takardar neman aiki kada ka tsaya a "akawun lauya". Ka rubuta abin da ka yi: adana fayil ɗaruruwa, lura da ranakun da ba a ƙetarewa, rubuta wasiƙu, riƙe sirri.

Komawa karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, reshen Kongo, fa? Shekara biyar ne, ko huɗu idan difloma ta ba ka damar shiga aji biyu, sannan kusan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi. Ga mai iyali ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma idan kotun ce ta gajiyar da kai, can za ka sake komawa.

Ko wace ka zaɓa, ka fara ta da yamma da ranar Asabar tun kana karɓar albashi, ka tara abin da zai riƙe gida wata uku, ko da ta adashe ne. Ranar tafiya ka sami maigida ka ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izini," ka ba shi wata guda, ka jera kowane fayil da ranar zamansa na gaba, kada ka fita da ko kwafi ɗaya. Mutum uku na farko da suka zo sabon teburina a PZ, tsohon maigidana ne ya turo su.