Kafin ka bi duk mota da injin folish, gwada wuri ɗaya

Jama'a, kada ku ɗora inji a kan mota gaba ɗaya ba tare da gwaji ba. Zagaye wuri da salatif a kan bonet, kamar santimita 40 kowane gefe, ka fara can.

Wanke motar tas tukuna. Ƙurar hunturu ko kaɗan ta maƙale a soson inji, sabon karce za ta jawo maka.

Fara da soso mai laushi da man folish mara kaushi. Ɗigo huɗu ya isa. Shafa shi a wurin kafin ka kunna inji, sannan ka bi a hankali, tsaye da kwance, sau huɗu. Soson ya kwanta daidai, kada ka jingina shi a gefe.

Goge wurin da sifirit da aka sirka da ruwa, ka haska tocila. Wannan ne mutane ke tsallakewa. Maiƙon folish yana cike karce ya ɓoye shi, sai an yi wanki biyu ya sake fitowa. Idan har yanzu kana ganin zanen zagaye, wato ƙananan karce masu kewaye a kan fenti, sai ka ƙara kaushin mai ko na soso, mataki ɗaya kawai.

Dalili kuwa, fentin sama mai sheƙi bai kai kaurin takarda ba, kuma duk abin da inji ya ci ba ya dawowa.

Inda dabarar ba ta aiki: karcen da farce ke maƙalewa a ciki ya yi zurfi, wannan sai mai fenti. Ƙofar da aka taɓa sake wa fenti kuma, gwada ta daban. Kada ka yi aikin a rana, kuma ka rufe kaifin gefuna da salatif, can fenti ya fi saurin ƙonewa.